Littattafan Babanka da Aka Yanke wa Baya

Assalamu alaikum Abba. Da fatan ka tashi lafiya, ya Kano, ya zafi, ya shirin tafiya. Allah ya tsare min kai duk inda ka sa ƙafa. Ni ce Innarka, da hannuna nake danna wayar nan, ban sa kowa ba, in ka ga wani harafi ya karkace ka yi haƙuri, ka san a aji huɗu na tsaya. Da murya na so in aiko maka kamar kullum, to babanka yana kwance a ɗaki kuma ƙofa a buɗe take. Bakinsa ne ciwon ya ɗauke, kunnensa yana nan garau.

Kayan da ka aiko sun iso. Ba a kwali suka iso ba, a buhu suka iso. Direban motar ya ce min daga baya kwalin ya fashe a hanya, an ɗora masa kayan albasa, shi ne suka tattara takardun suka zuba a buhun taki. Littattafan lissafin babanka ke nan, waɗanda ya koyar da su tun ba a haife ka ba har ya yi ritaya. Babu littafi ko ɗaya da ya dawo da bayansa. Kowane shafi shi kaɗai, gefensa a yanke tas kamar an sa reza.

Ba faɗa zan yi maka ba. Ni na buɗe akwatin, ni na miƙa maka su. Za ka tafi ƙasar da ban san ta ba, kuma ba ni da abin da zan sa maka a jaka sai abubuwan da na ɓata da hannuna, ka ji su ko za ka kauce musu.

Ka tuna ranar da ka zo asibiti, lokacin da ɓarin jikin Malam, babanka, ya shanye, muka zauna a gindin dogon yaro ina ɓare maka gyaɗa. Na ce wai kai wane irin aiki kake yi ne a jami'ar nan da ba ya ƙarewa.

Ka ce, "Inna, kwamfuta muke koya wa lissafi."

Na ce, "Ita da ake cewa ta fi uban kowa lissafi? To ai gara ka koya wa tarwaɗa iyo."

Ka yi dariya ka ce tarawa da ɗebewa kam ta iya, amma in aka ba ta tambaya da magana irin ta littafin makaranta, ba ta san wace ƙa'ida za ta ɗauko ba. Ka ce a da sai mutum ya zauna ya rubuta mata kowace ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, ku kuma so kuke ta karanta littafin da kanta, ta tsamo ƙa'idar ta ajiye, in tambaya ta zo ta lalubo wadda ta dace. Na ce kamar injin casa ke nan, a zuba shanshera, shinkafa ta fito ta nan, ɓuntu ya fita ta can. Ka ce kusan haka ne. Sai ka ce littattafan lissafi na Hausa irin na da ba a samun su yanzu, kun nema kun rasa, sai na Baba. Ka ce hotonsu za a ɗauka, amma sai an buɗe bayansu kafin injin ya ja takardar. Ka dube ni ka ce, "Inna kin gane?"

Na ce na gane.

Wallahi ban gane ba. Ni da na ji hoto, na ɗauka irin na biki ne, a tsaya a ɗauka kowa ya koma gida da kayansa a jikinsa. Buɗe baya kuwa na zaci shimfiɗa littafin za a yi. Kunya ce ta hana ni in sake tambaya, ɗana mai digiri yana min bayani, in ce masa maimaita. Haka nake tun ina yarinya. A makaranta malami ya ce kun gane, ni ce ta farko a ɗaga kai. Likita ya yi min bayanin maganin babanka, na ce to, na fito waje ina tambayar mai shara. Abba, inda za ka je mutane za su yi maka magana da sauri da harshen da ba naka ba, za su miƙo maka takarda ka sa hannu. Ka ce ban gane ba. Ka faɗa ko da sun yi maka kallon baƙauye. Kallon yana wucewa kafin azahar, amma abin da ka amsa ba ka fahimta ba zai biyo ka har gida a buhu.

Kwanaki ka kira ni kana dariya, wai kwamfutar taku ta karanta inda aka ce Audu yana da mangwaro goma a kwando, ta ɗauka ƙa'ida ce, ta ajiye cewa duk kwandon duniya mangwaro goma ne a ciki. Ka ce babbar wahalarku ke nan, raba mata ƙa'ida da misali, kuma ba ta cika cewa ban sani ba, sai ta kawo amsa da ƙarfinta ko da ba daidai ba ce. Na yi dariya a lokacin, amma da na ajiye wayar na ce to wannan ai ni ta gado. In da hali ka fara koya mata ta ce ban sani ba kafin ka koya mata sauran.

Su littattafan nan ba yau suka fara shan wahala a hannuna ba. Kana goye a bayana shekarar da jinga ta ɓalle ruwa ya shigo unguwa. Malam ya tafi da maza cika buhunan ƙasa, ni kaɗai a gida da kai. Na kwashe hatsi, na kwashe tabarmi, sai da ruwa ya kai min gwiwa na tuna da akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Da na buɗe duk sun jiƙe sharkaf. Ga hadari kullum, ba rana. Lokacin ina sana'ar banda, wuta na ci a ƙarƙashin raga, sai na ce ai abin da ya busar da kifi zai busar da takarda. Na jera su gefe da gefe da tarwaɗa, ina juya su kamar yadda nake juya kifin.

Malam ya dawo jikinsa duk taɓo, ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "'Yar masunta, wanne za mu fara ci, na aji biyar ko na aji shida?"

Na ce, "Ai taimakonka na yi."

Ya ce, "Na gani. Saura gishiri."

Sun kumbura, sun yi ja, har yau in ka kai hanci hayaƙi da ƙarnin kifi za ka ji. Yara a aji suna ce masa Malam mai banda a bayan idonsa, ya sani, bai taɓa jefar da ko ɗaya ba. Daga baya ya gaya min da na jira shi, da toka da tsumma za a sa tsakanin shafukan a danne da dutse. Jira kawai, na rabin yini. Ni matsalata ke nan, hannuna yana riga bakina. In na so mutum sai in yi masa abu ban tambaye shi ba. Kai ma na ga kana da shi, tun kana ƙarami kake gyara abin da ba a ce ka gyara ba. Abin mutum, in yana da rai, a tambaye shi. Ko ba ya iya magana a tambaye shi. Malam a gadon asibiti yana iya ɗaga kai, yana iya girgiza kai, ɗaki ɗaya ne tsakaninmu da shi ranar, daga ni har kai babu wanda ya shiga ya ce Malam ka yarda.

Yanzu bari in gaya maka wanda ya fi ci min rai, labarin Baba, mahaifina, wanda ka ci sunansa. Ka san shi a bakin dangi, ana ba da shi kamar abin kirki na yi. Baba masunci ne tun tasowarsa, a kan gora, babbar ƙwaryar nan ta masunta, yake kwanciya ya shiga ruwa da homarsa ta kamun kifi tun kafin rana ta yi zafi. Da ya tsufa ido ya ragu, ga ciyawar kacala ta cinye hanyoyin ruwa, wata rana iska ta tura shi cikin ciyawar ya kasa fita, sai wasu masunta ne suka jawo shi. Da na ji, na hau mota na je ƙauye. Yana barcin rana na sauke gorar daga jikin bango, na haɗa da homar na ba wani mutum da zai wuce kasuwa. Da ya tashi na ce masa gorar ta tsage. Na kawo masa rediyo sabuwa da katifa mai laushi. Kowa ya ce Hajara ta kyauta, ta ceci tsoho daga ruwa.

Bai yi min faɗa ba. Ya ce Allah ya yi miki albarka, ya karɓi rediyon. Amma matar kawunka Modu ta ce min kullum da safe sai ya kai hannu bangon nan inda gorar take rataye, ya shafa, ya dawo ya zauna a bakin ƙofa yana fuskantar kogi. Daga baya ya daina kai hannun. Daga nan ya rage cin abinci, ya rage magana, rediyon ko batir bai nemi a sake mata ba. Ruwan shekarar bai gama janyewa daga fadama ba muka binne shi. Ba na cewa ni na kashe shi, kwanansa ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa. Amma na san ranar da ya fara tafiya, kuma ina wurin.

Ka ce min a waya babu abin da ya ɓata, kowane shafi yana cikin kwamfuta, ilimin babanka ya ma fi tsira yanzu, ruwa ba zai ci shi ba, gara ba za ta ci shi ba. Na yarda da kai. To amma gorar nan ta kakanka babu komai a cikinta, iska ce kawai. Kuma ba kifi yake nema ba, 'ya'yansa suna ciyar da shi. Abin da zai tashi ya ɗauka da safe yake so. Babanka ma ba karanta littattafan nan yake ba, ya haddace su tun ina amarya. Tun da ya yi ritaya, in ya karya kumallo sai ya jawo akwatin, ya ɗauki ɗaya ya ɗora a cinya yana juya shafi, wani lokaci ya yi murmushi shi kaɗai, ina jin fuskar wani yaro ya tuna. Ku kun ɗebi shinkafar, Allah ya sa ta amfani jama'a. Shi kuma abin da injinku ya tofar, da shi yake wayar gari. Duk inda aikin nan ya kai ka, littafin da za ka tsamo wa ciki na wani ne, wani ya riƙe shi shekara da shekaru. Ka nemi mai shi ka dubi idonsa tukuna.

Da aka sallamo shi daga asibiti, ranar farko ya nuna min ƙarƙashin gado da hannun hagu. Na ce suna wurin gyara Malam, Abba ya kai a yi musu sabon bango. Ka ga yadda fuskarsa ta saki, ɓarin bakin da ke motsi har ya ɗaga. Ƙaryar da na yi wa Baba ita na sake yi, ban ko canza mata riga ba. Kullum da safe sai ya haɗa tafin hannunsa da cinya ya buɗe kamar littafi yana tambayata, ni kuma in ce sun kusa. Ƙanwarka Yagana ta zo daga garin Malam Madori duba shi, ta ja ni kicin ta ce, "Inna ki gaya masa gaskiya mana, Baba ba yaro ba ne." Na ce ke rufe min baki, so kike jininsa ya sake hawa? Ta ce, "To ranar da zai gani da idonsa fa?" Na ce kafin nan Allah zai kawo dabara.

Dabarar ba ta zo ba, mai adaidaita ne ya zo. Na fito da Malam tsakar gida a kujera yana shan hantsi, na shiga wanka, sai na ji sallama daga zaure ana cewa saƙo daga tasha. Na ɗaga murya na ce a shigo da shi a ajiye. Kafin in fito ya dire buhun a gaban babanka ya tafi, bakin buhun a kwance, iska ta ɗebi takardu ta watsa har bakin rijiya. Na tarar ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki ɗaya da ta faɗo kusa da ƙafarsa. Ya juya ta, ya bi gefen da aka yanke da babban yatsa. Ya kai hanci. Na ce Malam bari in yi maka bayani. Ya ɗaga min hannu, irin yadda yake wa aji in suna surutu. Ya ajiye takardar a hannun kujera a hankali, ya nuna ɗaki.

Tun ranar fuskarsa na bango. Koko cokali kaɗan yake sha ya kawar da kai. Motsa hannu da ƙafar da aka ce a riƙa yi masa ya ƙi, in na kama hannun sai ya janye. Bai sake buɗe min tafin hannu a cinya ba. Abba na taɓa ganin wannan, na san inda yake zuwa, shi ya sa na kasa haƙuri na zauna ina danna waya da yatsa ɗaya.

Na ga saƙonka. Ka ce in ba shi haƙuri a madadinka, lokaci ya ƙure ba za ka samu zuwa Haɗeja ba kafin jirgi, in ka isa za ka aiko masa da sababbin littattafai masu kyau. Kada ka aiko. Na riga na kai wa wani tsoho rediyo.

Kuma ba lokaci ne ya ƙure maka ba, ni na haife ka. Haɗeja da Kano mutum yana zuwa ya koma a yini. Tsoron idonsa kake ji, kuma wannan ma laifina ne. Tun kana yaro in ka yi ɓarna sai ka gudu maƙwabta, ni in tsaya in tare maka, in ce Malam ai ni ce na fasa, ai ni ce na aike shi. In kana son abu wurinsa ni kake gaya wa, shi ma in zai yaba maka sai ya ce min gaya wa yaron nan ya yi ƙoƙari. Ina jin daɗi a lokacin, ina ganin ni ce mai riƙe gida. Ga shi kun girma ku biyu, mai digiri da malamin makaranta, ba ku iya zama ku yi magana in ba na tsakani. Ba zan kai wannan saƙon ba. Ba fushi nake ba, in na kai ma ba zai karɓu ba. Ka koyi tsayawa gaban wanda ka ɓata wa da ƙafarka, don can inda za ka babu Inna da za ta shiga gaba.

Ba na ƙin aikinka, kada ka ɗauka haka. Na san ƙauyukan fadama da in ruwa ya cika malami ba ya iya kaiwa sai ruwan ya janye, yara suna zaune. In abin nan naku zai yi wa ɗan masunci bayanin lissafi da Hausa a waya, to Allah ya sa albarka. Ina jin shi kansa Malam da an tambaye shi zai iya bayarwa, ko ya ba da wasu ya riƙe wasu. Ba mu ba shi wannan damar ba.

Na gwada haɗa su da kaina. Na shimfiɗa tabarma na zazzage buhun, na ce ai lamba dai na iya karantawa. Sai na tarar shafi na arba'in ya fi a ƙirga, kowane littafi da nasa, ga bandata ta mai da su duk launi ɗaya, wasu kuma ruwa ya cinye lambar tun tuni. Na ɗauki biyu na shiga wurinsa na ce Malam wannan da wannan gidansu ɗaya? Ya rufe ido. Ni ba zai duba min ba, kuma bai yi laifi ba.

Kai kana da hotonsu a jere a kwamfutarka, ka san wanne ke bin wanne. Shi kuma ya san su da ka. Na sayo basilla da zare mai ƙarfi, na samo kwali mai kauri wurin mai shago da za a yi bango. Ka zo ka zauna a ƙasa a gabansa, ka gaya masa da bakinka abin da ka yi da su da dalilin da ya sa, ni ma in faɗi nawa. Sannan ka ɗaga shafi ka tambaye shi. Ko littafi ɗaya kuka haɗa ya isa, sauran ni da shi ma ƙarasa a hankali in ya yarda. Kwamfutar kuma kada ka buɗe masa ita sai ka tambaye shi ko yana son gani. Ban yi maka alkawarin zai juyo ba. Yana iya barin ka da bango har ka tashi. Amma in ka hau jirgin nan ba ka zo ba, ina tsoron abin da za ka dawo ka tarar, kuma irin wannan nauyin na ɗauke shi shekaru, ba na so ka gaje shi.

Sauran nasiha ka san ta. Ka riƙe salla ko rana ba ta fito ba a can, ka ci abinci mai zafi, ka rufe ƙirjinka, ka huta wa idonka da kallon gilashin nan.

Na tsaya a nan na leƙa ɗakin, don na ga ban kyauta ba in aika ban tambaye shi ba. Na ce Malam, Abba nake rubuta wa, me zan ce masa? Bai juyo ba. Na tsaya har na fid da rai zan fita. Sai ya zaro hannun hagu daga cikin mayafi, ya dafa katifa a bayansa, daidai gefen da mutum yake zama, ya bar hannun a wurin.

Abin da ya ce ke nan, ban ƙara komai a kai ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na mutum, ya kai ka lafiya ya dawo min da kai lafiya. Allah ya ba babanka sauƙi, ya yi maka albarka.

Innarka, Hajara.